Kwana a otal ɗin ƙanƙara: amsa ga Hajiyar da ke shirin zuwa arewacin Suwidin

Wata baiwar Allah ta aiko da tambaya. Maigidanta zai halarci taro a Sitokholm cikin watan Fabrairu, kuma da ita za a je. Ta ga bidiyon wani otal da aka gina da ƙanƙara zalla a can ƙuryar arewa, tana so su kwana ciki ko da dare ɗaya ne. Tana tambaya ko da gaske mutum na iya barci a wurin ya tashi lafiya, yaya ake yi da banɗaki da alwala da salla, sannan ko za su iya tafiya da ɗansu mai shekara tara wanda yake da sikila.

Hajiya, sannu da ƙoƙari, kuma kin kyauta da kika tambaya tun kafin a sayi tikiti. Ni ma'aikacin jinya ne, na daɗe ina aiki a lardin Norrbotten, wato lardin da ya fi kowanne nisa a arewacin Suwidin, inda otal ɗin yake. Na kwana a ɗakin ƙanƙara sau biyu, na kuma raka baƙi sun kwana. Amsar a dunƙule: ke da Alhaji, in kuna da ƙoshin lafiya, za ku kwana ku tashi garau in Allah ya yarda. Yaron kuwa maganarsa daban ce, zan zo kanta, kuma ba zan yi miki kwana-kwana ba.

Otal ɗin da kika gani kusan tabbas shi ne Icehotel, a wani ƙauye da ake rubuta sunansa Jukkasjärvi, ana furta shi kamar Yukkasyarbi. Mutanen ƙauyen ba su kai dubu ba. Yana bakin Kogin Torne, kimanin kilomita 17 daga garin Kiruna, kusan kilomita 150 arewa da da'irar Aktik (layin da a arewacinsa rana kan yi kwanaki ba ta faɗi ba, ko ba ta fito ba) in an ja layi a miƙe. Shi ne otal ɗin ƙanƙara na farko a duniya. Wanda ya kafa shi, Yngve Bergqvist, asali harkar yawon kwale-kwale yake yi a kogin lokacin zafi, in sanyi ya shigo sai kasuwa ta mutu. A shekarar 1989 ya gayyato masu sassaƙa ƙanƙara daga Japan suka yi baje koli, a shekarar da ta biyo baya aka gina wani ɗan ɗaki na dusar ƙanƙara don nuna zane-zane. Daga baya wasu baƙi da ba su sami masauki ba suka roƙi a bar su su kwana a ciki, aka shimfiɗa musu fatu, aka ba su buhun barci. Da gari ya waye suka fito suna murna. Daga nan sana'a ta samu.

Ki riƙe wannan asalin a ranki, domin har gobe wurin gidan baje kolin sassaƙa ne da ake barin mutane su kwana a ciki. Wanda ya je da tunanin otal irin na Abuja ko Dubai, inda zai shiga ɗaki ya kulle ƙofa ya kunna talabijin, zai ji haushin kuɗinsa.

Yadda ake gina shi ya fi ba ni sha'awa a kan kwanan kansa. Kogin Torne na cikin 'yan manyan kogunan Suwidin da ba a datse su da madatsar lantarki ba. Ruwansa tas yake, kuma a daidai ƙauyen yana tafiya a hankali, shi ya sa ƙanƙararsa ke fitowa garai-garai kamar gilashi, babu kumfar iskar da ke sa ƙanƙarar firiza ta yi fari. Duk tsawon lokacin sanyi ma'aikata na share dusar da ta sauka a kan wani yanki na kogin, domin dusa bargo ce: in an bar ta, ƙanƙarar ba za ta yi kauri ba. Wajen watan Maris sai a yanko ta da injina, tubali-tubali, kowanne nauyinsa kusan tan 2, a jibge a wani katafaren rumbu mai sanyi har bayan lokacin zafi. Wato ƙanƙarar da za ki gani bana, girbin bara ce. Su ma da kalmar girbi suke kiran aikin.

Ganuwar ɗakunan kuma ba da wannan ƙanƙarar ake yi ba. Ana haɗa ruwan kogi da iska a fesa da injin yin dusa, ya ba da wani abu tsakanin dusa da ƙanƙara, fari fat, mai ƙarfi. A watan Nuwamba ake kafa manyan ƙarafa masu siffar baka, a fesa wannan haɗin a kansu, a bar shi kwana biyu ko uku ya daskare, sai a zare ƙarfen, rufi ya tsaya da kansa. Wanda ya taɓa shiga tsohon soro mai bakan gizo a Zariya ko Kano ya riga ya san dabarar: lanƙwasar ce ke kai nauyin rufi zuwa ƙasa, ba a buƙatar azara. Ita ƙanƙara mai haske da ita ake yin ginshiƙai da gadaje da kujeru da fitilu masu lilo. Kowace shekara masu fasaha daga ƙasashe daban-daban na aiko da zanen ɗakin da suke so su yi, a zaɓi wasu, su zo su sassaƙa cikin 'yan makonni. Ana buɗewa a Disamba, a rufe a Afrilu, rana ta narkar da komai ya koma kogin da ya fito. Ɗakin da za ki kwana ciki ba a taɓa yin irinsa ba, kuma ba za a sake ba. Tun shekarar 2016 akwai wani sashe na dindindin da ake kira Icehotel 365, wanda ake sanyaya shi duk shekara, lokacin zafi da taimakon wutar sola, tunda a wannan yankin rana ba ta faɗuwa daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli.

To, batun sanyi. A cikin ɗakin ma'auni na tsayawa wajen digiri 5 ƙasa da sifili, wani lokaci ya ɗan ƙara sauka zuwa 7 ko 8. Firizar da kike ajiye nama a ciki tana kan 18 ƙasa da sifili, kin ga ɗakin bai kai ta ba. A waje kuwa, cikin Janairu da Fabrairu, ana iya wayar gari da 30 ƙasa da sifili ko fiye. Abin da ke raba biyun shi ne kaurin ganuwar. Dusa cike take da iskar da ta maƙale a tsakanin ƙwayoyinta, iskar da ba ta motsi kuwa ba ta barin zafi ya wuce da sauƙi. Kamar dai yadda ginin ƙasa mai kauri ke riƙe sanyi a bazara, nan ma ganuwa ce ke hana ciki bin waje. Shi ya sa a daren da aka yi tsananin sanyi, in kika shigo daga waje sai ki ji kamar kin shiga ɗumi. Babu iska mai kaɗawa a ciki, kuma wannan babban sauƙi ne, domin iska ce ke kwashe zafin jiki da sauri.

Da rana ɗakunan na kowa ne: masu yawon buɗe ido na biyan kuɗi su shiga su ɗauki hoto, daga hantsi har ƙarfe 6 na yamma. Sai bayan nan ɗaki ke zama naki. Kayanku ba sa shiga ciki. Akwai gini mai ɗumi manne da na ƙanƙarar, a buɗe yake dare da rana, a can ake ajiye akwati, a can banɗaki da wurin wanka suke, a can ake sauya kaya. Da yamma ma'aikaci na tara masu kwana ya yi musu bayanin yadda ake barci a wurin. Don Allah kada ku tsallake wannan zaman, ko da kuna jin kun gane komai daga amsar nan.

Gadon kansa: gewayensa ƙanƙara ne, amma a tsakiya akwai katako, a kansa katifa, a kan katifar fatun wata dabba dangin barewa mai ƙaho rassa-rassa, wadda Suwidawa ke kira ren. Al'ummar Sami, 'yan asalin yankin, su ke kiwonta tun kaka da kakanni. Gashinta kamar bututu yake, da iska a cikinsa, don haka fatar ke tare sanyin da ke tasowa daga ƙasa. Tana da ɗan wari irin na fata, kuma gashin na bin kaya, kada ki yi mamaki. A kan wannan ake ɗora buhun barci, wato bargo mai kauri da aka ɗinke kamar buhu, mai zif da hula, irin na masu hawan duwatsu, wanda aka yi shi don sanyin da ya fi na ɗakin nesa ba kusa ba. Akwai na mutum ɗaya, akwai na miji da mata. Shawarata ku karɓi ɗai-ɗai. Na mutum biyu daɗin faɗa ne kawai: duk lokacin da ɗaya ya juya, wuya ya buɗe, iska mai sanyi ta shigo wa kowa.

Ga inda mutanenmu suka fi yin kuskure, kuma ni ne shaida. Kwanana na farko, tsoro ya sa na jibga duk abin da na mallaka: singileti, rigar auduga, suwaita biyu, wando biyu, safa uku, na shige buhu na ja zif har hanci. Cikin rabin awa na ji daɗi, har ina yi wa kaina kirari. Can wajen ƙarfe biyu na farka jiƙe da gumi, rigar audugar ta manne a bayana kamar an watsa mini ruwan randa, haƙorana na haɗuwa. Babu laifin kowa, an gaya mini da yamma, ni ne na ga kamar Bature bai san jikin ɗan Afirka ba. Dole na tashi na tafi ginin ɗumi na sauya kaya.

Buhun barci ba ya haifar da zafi, zafin jikinki yake tarewa ya riƙe. In kika tula kaya, sai ki yi gumi, ruwa kuwa yana janye zafi daga fata fiye da iska sau ashirin da wani abu. Auduga ta fi kowane yadi sharri a nan, domin tana shan gumi ta riƙe shi. Ulu kuwa ko ya ɗan jiƙa yana ci gaba da ɗumama jiki. Saboda haka abin da za ki sa shi ne kaya falle ɗaya: riga mai dogon hannu da dogon wando na ulu masu kama jiki, safar ulu busasshiya wadda ba ki yini da ita ba, da hular ulu mai rufe kunne. Shi ke nan. In kina da kitso ko gashi mai yawa, kada ki wanke shi da daren, ki kwanta da shi a bushe. Ki ja igiyar hular buhun ta matse, ki bar hanci da baki a waje. Zuciya za ta raya miki ki cusa fuska ciki, kada ki biye mata: tururin numfashi na jiƙa buhun, kafin asuba ya zama sanyi. Hancinki zai yi sanyi, wannan kam babu makawa, kowa haka yake kwana.

Ki shiga buhun da ɗuminki. Ki ci abincin dare ki ƙoshi, domin abinci ne itacen da jiki ke hura wuta da shi. Kafin ki kwanta ki ɗan zazzagaya ko ki motsa jiki na minti biyu, ba har gumi ba. Wanda ya shiga buhu da ƙafafu kamar ƙanƙara zai daɗe bai ɗumama ba.

Sai fitsari, wanda kowa ke jin nauyin tambaya. Sanyi na matse jijiyoyin jinin da ke kusa da fata, jini ya taru a tsakiyar jiki, ƙoda ta ɗauka ruwa ya yi yawa ta fara zubarwa. Don haka za ki ji fitsari fiye da yadda kika saba. Ki sha ruwa sosai da rana, ki rage bayan magariba, ki bar shayi da kofi da daddare, ki zaga daf da kwanciya. In duk da haka ya matsa cikin dare, ki tashi kawai. Riƙe shi hana barci ne. Za ki fito daga buhu, ki zura takalmi, ki bi dogon lungun ƙanƙara zuwa ginin ɗumi, tafiyar minti ɗaya ko biyu. Mafi yawan ɗakunan sashen da ke narkewa ba su da ƙofa, labule ne, in da za ki so ƙofa da banɗaki naki na kanki mai ɗumi, sai ɗakuna mafi tsada na sashen dindindin. Wayarki kuma ki sa ta cikin buhu kusa da jiki, in ba haka ba batirin zai mutu kafin asuba ko da a cike yake. Tabarau ma haka.

Abin da ba wanda ya shirya ni a kansa shi ne shirun. Dusa na shanye sauti. Babu ƙarar janareta, babu fanka, babu sauro, babu kukan komai. Za ki ji bugun zuciyarki. Wasu wannan ne ke sa su barci mai nauyi, wasu kuma shi ke hana su runtsawa. Na ga ƙato ya kasa, ya koma kujerar ginin ɗumi ya ƙarasa darensa a can, ba don sanyi ba sai don ƙuncin buhu da shirun. Ba abin kunya ba ne, kuma ba a hana kowa. Wani abin dariya: a shekarar 2013 hukuma ta wajabta wa otal ɗin sanya ƙararrawar gobara. Mutane sun yi ta barkwanci a kai, amma katifa da matashi da fata duk suna cin wuta, hukumar ba ta yi wauta ba.

Da safe ma'aikaci zai zo har bakin gado da kofin ruwan lingon mai zafi, wasu 'ya'yan itace ne ja ƙanana masu tsami, ɗanɗanonsu na tuna mini da zoɓo. Daga nan sai sauna, ɗakin katako mai tsananin zafi da ake zama a yi gumi, kusa da abin da muke kira sirace. Ɓangaren mata daban, na maza daban, amma ki sani mutanen nan ba sa jin nauyin tuɓewa a gaban jinsinsu. Ki shiga da tawul ɗinki ko zanenki, ba wanda zai ce miki don me. In kina da hawan jini da bai daidaita ba, ko kina da juna biyu, ki tsallake saunar ki yi wanka da ruwan ɗumi.

Yanzu zan gaya miki inda haɗarin yake, kuma ba a ɗakin ba ne. A waje yake: hawan keken ƙanƙara mai inji, ko amalanken da karnuka ke ja, ko tsayuwar awa biyu ana jiran koren hasken nan da kan bayyana a sama da dare. A digiri 25 ko 30 ƙasa da sifili, in ga iska, fatar da ke buɗe na iya daskarewa cikin mintuna. Yatsu, hanci, kunne da kumatu su ne kan gaba. Bayanin da ake yi wa baƙi yawanci shi ne a lura da fata in ta yi fari, to wannan bayanin farar fata ne. A jikinmu wurin kan yi toka-toka ko ya dusashe, wani lokaci ma ido ba ya ganin komai. Alamar da za ki dogara da ita ita ce ji: in yatsa yana zafi yana tsikari, da sauran rai, in ya daina ciwo ya yi dindiris, to a nemi ɗumi nan take. Kada a murza shi, kada a goga masa dusa, kada a kara shi a wuta ko hita. A sa shi a hammata ko cikin ruwa mai ɗumi daidai jiki. Binciken da aka yi a kan sojojin Birtaniya da na Amurka ya nuna 'yan asalin Afirka sun fi saurin samun raunin sanyi a hannu da ƙafa, don haka kada Alhaji ya ce zai nuna jarumta. Otal ɗin na ba masu kwana aron babbar rigar sanyi da takalma da safar hannu. Ku karɓa, ku sa, ko da kun zo da naku. Takalmi kuma ya zama da sarari, matsattsen takalmi na hana jini zagayawa. Ki cire 'yan kunne da awarwaro na ƙarfe kafin ki fita. Man shafawa mai ruwa-ruwa ki shafa shi da daddare a ɗaki mai ɗumi, ba daf da fita ba.

Maganar yaro. Hajiya, ni dai a matsayina na ma'aikacin lafiya ban yarda a kwana da shi a ɗakin ƙanƙara ba, kuma da ɗana ne, arewacin ma ba zan kai shi cikin Fabrairu ba. Kin fi ni sanin yadda hunturu ke tayar masa da ciwo, alhali sanyin da ake yi a gida da ƙyar yake sauka ƙasa da digiri 10 sama da sifili. Sanyi na matse ƙananan jijiyoyi, jini ya rage gudu, ƙwayoyin jinin mai sikila su lanƙwashe su toshe hanya, daga nan ciwon ƙashi ya tashi, wani lokaci ya kai ga ƙirji, wanda shi ne muke tsoro. Iskar arewa kuma busasshiya ce, tana ƙarar da ruwan jiki ta numfashi ba tare da mutum ya ji ƙishi ba, rashin ruwa kuwa shi ma yana tayar da ciwon. Ga gajiyar jirgi biyu ko uku. Ga fita daga ɗumi zuwa sanyi sau goma a yini. Yaro kuma jikinsa ƙarami ne, ya fi babba saurin rasa zafi, cikin barci yana iya zamewa daga buhu bai sani ba. Akwai asibiti a Kiruna, amma ƙarami ne, babban asibitin lardin yana kusa da garin Luleå, tafiyar sama da awa huɗu a mota, kuma sikila ba cuta ce da aka saba gani a wannan yankin ba. In har zai biyo ku Sitokholm, sai da amincewar likitansa, da takardar bayanin ciwonsa da Turanci, da magungunansa a jakar hannu, da inshorar da ta ambaci ciwon ƙarara, domin inshorar tafiya da yawa ba ta biyan ciwon da mutum ya taho da shi. Lambar gaggawa a nan 112 ce. Wanda yake AS kuma, wato mai ɗauke da ƙwayar kawai, yawanci ba shi da wannan matsalar, ya dai sha ruwa ya rufe jiki. Masu asma, ciwon zuciya, ko ciwon sukari da ya taɓa jijiyoyin ƙafa, su ma su ga likita kafin su yanke shawara.

Salla ba za ta ba ku wuya ba. Alwala a ginin ɗumi, da ruwan ɗumi, a goge jiki ya bushe sarai kafin a fita. Ni a can nake yin sallata, a wani lungu, da 'yar dardumata, ba wanda ya taɓa ɗaga mini gira. Abin da zai ba ki mamaki shi ne alƙibla. Mu da muka tashi muna cewa a fuskanci gabas, a Kiruna Ka'aba tana kudu ne, da ɗan karkata zuwa gabas. Ki duba manhajar alƙibla tun kina cikin ɗumi. Lokutan salla kuma a Fabrairu duk suna nan a rarrabe, sai dai yinin gajere ne: a farkon wata kamar awa 5 da ɗoriya, a ƙarshensa ya haura awa 9. Azahar da la'asar da magariba na zuwa a jere, kina idar da wannan wancan ya kawo jiki, don haka in za ku fita yawo ku lissafa da su. Matsalar da ake yawan tambaya a kai ta tsakiyar Disamba ce zuwa farkon Janairu, lokacin da rana ba ta ɓullowa sam na kusan mako uku. A nan malamai suka ce a ƙaddara lokaci, wasu da gari mafi kusa da ke da dare da rana, wasu da lokacin Makka. Ku tafiyarku ba ta faɗa ciki ba.

Abinci: naman ren da na wata babbar dabbar daji su ne abin alfaharin wurin, amma ba yankan Musulunci ba ne. Kifi na nan da yawa kuma mai kyau ne, ga dankali da burodi da kayan lambu. Ki faɗa musu ƙarara ba kwa cin alade ba kwa shan giya, har wadda ake zubawa a miya, suna girmama irin wannan bayanin. Akwai mashaya a ciki da ake ba da abin sha a kofin ƙanƙara, tana cikin abubuwan da masu yawo ke kallo, kuma ana samun ruwan 'ya'yan itace zalla ga mai so.

Hasken sama mai launin kore da kike gani a hotuna, kada kowa ya yi miki alkawarinsa. Ƙwayoyi ne masu caji da ke fitowa daga rana, su yi karo da iskar sama a nisan kilomita 100 zuwa sama, iskar oksijin ta ba da koren nan. Sai an yi sa'a biyu: rana ta yi aikinta, sama kuma ta washe. Fabrairu lokaci ne mai kyau, amma na san waɗanda suka yi dare huɗu ba su ga komai ba sai gajimare. Daga cikin ɗakin ƙanƙara ba a ganin sama ko kaɗan, babu taga. In hasken ne babban burinku, ku ƙara dare ɗaya ko biyu a Abisko, kimanin kilomita 100 daga Kiruna ta hanyar Norwe, inda duwatsu ke tare gajimare har samanta ta fi ta maƙwabta washewa. Kuma kyamara ta fi ido ganin launin, sau da yawa abin da ido ke gani ya fi na hoto dusashewa.

Dare ɗaya ya isa. Otal ɗin ma da kansa yana da ɗakuna na katako masu ɗumi, kuma abin da akasari ake yi shi ne dare ɗaya a sanyi, sauran a ɗumi. Ni na fi son a fara da ɗumi, jiki ya ɗan saba da yanayin, a koyi sa kaya, sannan a yi na ƙanƙara a dare na biyu. Kada ku sa shi a daren da za ku kama jirgin asuba. Kuɗin ɗakin ƙanƙara na dare ɗaya ɗaruruwan Yuro ne, yana hawa da sauka gwargwadon irin ɗaki da lokaci, kuma Fabrairu kasuwa ce ta cika, ba a fafe gora ranar tafiya. In aljihu bai kai ba, tikitin shiga da rana zai nuna muku duk ɗakunan, ku koma Kiruna ku kwana a gado mai ɗumi, kuma ba ku yi asarar kallo ba. Akwai irinsa a Alta da Kirkenes a Norwe, da wajen Rovaniemi a Finlan, amma tunda kuna Sitokholm, na Jukkasjärvi ya fi muku sauƙi.

Daga Sitokholm zuwa Kiruna awa ɗaya da rabi ne a jirgin sama. Akwai kuma jirgin ƙasa na dare mai ɗakunan kwana, yana cin awa 15 ko fiye, in kuna da lokaci ina ganin ya cancanci a gwada shi ko da a dawowa. Bizar Shengen da za ku shiga Suwidin da ita ta wadatar har Norwe da Finlan, kuma tana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Ku zo da katin banki mai aiki a waje, ku gwada shi tun a Sitokholm, domin wurare da yawa a ƙasar nan ba sa karɓar tsabar kuɗi. In taron Alhaji ya faɗo a makon farko na Fabrairu, akwai kasuwar Sami ta shekara-shekara a garin Jokkmokk, wadda ake ci tun shekarar 1605, sai dai masauki a can kan ƙare watanni kafin lokacin. A ƙauyen Jukkasjärvi kansa, in kuka bi titi zuwa ƙarshensa, tafiyar minti goma sha biyar a ƙafa, akwai wata tsohuwar majami'ar katako ta farkon shekarun 1600, kusa da ita kuma wurin da Sami ke nuna al'adunsu, inda za ki ga dabbar da kika kwana a kan fatarta, har ki ba ta abinci da hannunki. Kayan ulun da na ambata kuwa kada ki wahalar da kanki nemansu a gida, ki saya a Sitokholm, kowane shagon kayan wasanni yana da su, ki ɗauki safa ƙafa uku.